Jan Ɗigo a Shataletalen Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗiyata Mariyama, wadda bakina ba ya iya kiran sunanta sai dai in ce Uwani, don sunan mahaifiyata ta ci.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiya. Allah ya tsare ki a zaune da a tafe, ya kai ki Yamai lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Za ki yi mamakin takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki. Ni ma na yi mamakin kaina. Kin san ban shiga lakwal na yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka fitar da ni gona. Yanzu haka ina zaune a zauren Mushe Ilu, malamin lakwal, an sauko daga Juma'a, ni ina faɗi shi yana rubutawa. Na ce masa abin da ya fito bakina shi zai sa, kada ya gyara mini magana da bokonsa, kada kuma ya zuba mini Fulatanci a ciki. Ya ce da Babarbare ya iya magana mai kan gado da ba a wahalar da alƙalami ba. Na ce rubuta har wannan, ta san da wa nake fama.

Ga dalilin takardar. Tun ranar da muka yi sa-in-sa, in na buɗe baki zan yi miki magana sai faɗa ya riga ni fitowa. Ke kuma kin ce ba za ki shiga motar Yamai gobe Asabar ba muddin ina hawa keke a cikin gari. Innarki ta gaya mini har kin fara kwance kayan da kika ɗaure. Aikin da kika yi shekaru kina karatu dominsa, aka kira ki da sunanki, za ki bar shi ki zauna gadin tsoho. Wannan ba zai yiwu ina numfashi ba. Amma kada ki tsallaka ƙarshen takarda neman amsa, na san halinki. Ki bi ni sannu a hankali, akwai kurakuran da na tafka a kan keken nan da nake so ki ji daga bakina.

Bari in fara faɗin aikinki yadda na gane shi, in na ɓata ki yi dariyarki ke kaɗai. Kin gina gari a cikin ordinatar, wannan allon gilashin da kike buɗewa a cinya. Kin shimfiɗa gudro, hanyar kwalta, kin yi shataletalen da ke kusa da Kasuwar Dole, kin zuba motoci da kamiyo masu dakon kaya da ƴan kabu-kabu da amalanken jaki, duk ƙananan ɗigo suna ta kai da komo. Kowane ɗigo kin ba shi hali irin na mai shi. In masu gari suna so su canza hanya ko su kafa fitila, sai a fara gwadawa a garinki na gilashi, inda in an yi karo ba a zubar da jinin kowa. Kika ce mini motoci ba su ba ki wuya ba, mota tana da layinta. Masu keke ne suka ɗaure miki kai, don ba ki san abin da ke cikin ransu ba. Na ce ai kin zo gida, zauna.

Lokacin da na fara ɗauko tuluna a keke daga Mirriya ban daɗe da auren innarki ba. Ba ki ga irin lodin wancan zamani ba. Ana zuba tulunan a raga, a cusa ciyawa tsakaninsu, a rataya gefe da gefe, a ɗora wasu bisa, har wanda ke bayanka ba ya ganin mutum, sai tulu yana tafiya da kansa. Hawa sai an riƙe maka. Sauka sai ka nemi bango ko icce ka jingina. Wata Alhamis, ranar kasuwa, ina shigowa gari sai na hango kakanki na wajen uwa, Malam Mato, zaune gindin dogon yaro da abokansa. Kin san suruki ba a gaishe shi daga kan sirdi. Sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. In na sauka, babu mai riƙe mini kaya. In na wuce, a ce yaron da aka ba ɗiya ba shi da kunya. Sai na yi dabarar wawa. Na rage gudu, na saki hannu ɗaya, na sauke ƙafa ɗaya tana jan ƙasa, na sunkuyar da kai, wai rabin durƙuso ke nan. Keke ya ce bai san zancen ba. Muka zube ni da shi da tuluna a gaban dattawa, kasake har cikin tabarmarsu.

Malam Mato ko motsi bai yi ba. Ya ɗauke wani kasko daga kan rigarsa ya ajiye gefe, ya ce, “Habu, gaisuwarka ta iso, har da ƙara.” Dattawan nan suka yi dariya har wani yana tari. Da suka lafa ya ce, “Daga yau in ka ɗauko kaya wuce abinka. Je ka sauke, ka dawo ka gaishe ni da ƙafa. Ta kan hanya na yafe maka.”

Uwani, a can za ki sami ranar da abu biyu za su taso miki lokaci ɗaya, kowanne da haƙƙinsa a kanki. Kada ki yi rabin wannan rabin wancan don kowa ya ji daɗi. Ɗauki ɗaya ki kai shi inda za shi, ki dawo wa ɗayan da hannu biyu. Wanda ke son ki zai jira. Na tuna da wannan faɗuwar ranar da kika dawo kina murna, kika ce kin gano abin da ke sa masu keke rage gudu a wani wuri da babu rami babu kwana. Ke da kanki kika taka kika je, kika tarar majalisar dattawa ce a bakin hanyar. Raina ya yi fari a lokacin. Na ce a zuci yarinyar nan ta gane mai keke a Damagaram ba hanya kaɗai yake kallo ba, har da wanda ke zaune gefenta.

Akwai wani kuskuren da ba na dariya ba ne. Mai mota in ya tsaya, mai ne zai tashe shi. Mai keke in ya tsaya, cinyarsa ce. In akwai lodi a baya, sauke ƙafa sau ɗaya ya fi tafiya mai nisa cin ƙarfi. Shi ya sa muke ƙin tsayawa, ba rashin kunya ba ne kullum. Shekarar da aka fara kafa fitilar ba da hannu a hanyar da nake bi, na ce ni ƙarfe ba zai gaya mini lokacin tafiya ba. Na koyi rage gudu tun daga nesa, ina lilo a kan sirdi har ta canza. In ta ƙi canzawa, in nemi kafa in kurɗa. Wata rana da bazara, lokacin da ruwa ya yi wuya a gari irin wuyar da kika sani, na kurɗa tsakanin kamiyo da amalanken wani mai sayar da ruwa. Na fita sumul, ko tulu ɗaya bai tsage ba. Har na fara yabon kaina sai na ji ƙara a baya. Ashe bakin tulu ya gogi kunnen jakin, ya zabura, amalanken ya karkace, duron ruwa ya kife. Na jingina keke na dawo da gudu ina jiran zagi. Mutumin bai zage ni ba. Zama ya yi a ƙasa yana kallon ruwan da ya yini a layi dominsa yana shigewa cikin rairayi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, bai ko ɗago ba. Washegari na je na tsaya masa a layin famfo, amma ruwan jiya ya riga ya tafi.

To abu biyu zan ce miki a nan. In kina tsara wa mutanen Yamai hanya, kada ki sa mai keke ya riƙa tsayawa kowane taku, ba zai tsaya ba, ko kin rubuta da manyan baƙaƙe. Ki tuna cinyarsa. Na biyu naki ne ke da kanki: in kin wuce wani wuri mai matsi lafiya, ki waiwaya ki ga yadda kika baro shi.

Da na ba ki wannan labarin ne kika ware wasu ɗigo kika ce su ne masu ƙin sauke ƙafa, kika shafa musu ja. Na ce me ya sa ja? Kika kalli jar darar da ke kaina, kina cizon leɓe. Innarki ta yi dariya daga madafa. Na yi kamar na ji haushi, amma daga baya na gaya wa duk majalisarmu cewa ina cikin ordinatar.

Sai ranar da kika ce in tara miki tsofaffin masu keke ki yi musu tambayoyi. Wa ya san su in ba ni ba? Na san wanda ya fara shigo da keke unguwarmu, na san wanda ya koya wa wa, na san waɗanda suka rasu da inda aka rufe su. Na tara miki waɗanda suka rage a ƙofar gida, kika dafa shayi, kika durƙusa kika gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kika ce, “Iyayena, kafin ku shiga shataletale me kuke yi?” Muka haɗa baki: muna rage gudu, mu waiwaya, mu miƙa hannu, sannan mu shiga. Ni na fi kowa tsawaita bayani, har ina tashi tsaye ina gwadawa. Kika yi godiya. Sannan kika hau benen wani mai shago, kika yi kwanaki kina ɗaukar shataletalen a waya. Da kika sake tara mu kika nuna mana, babu ɗayanmu da ya juya wuya. Hannu kuwa ko yatsa ba wanda ya ɗaga.

Alhaji Bukar, wanda ke kawo kaji daga Gaffati, ya matso da ido ya ce, “Wannan ba ni ba ne.”

Kika ce, “Baba Bukar, to kajin wa ne waɗannan a baya?”

Ya ce, “Kajin dai nawa ne.”

Har yau in mun haɗu sai na tambaye shi ko an gano ɓarawon da ke yi masa dakon kaji.

Ba ƙarya muka yi miki ba, Uwani. Mun faɗi yadda muke ganin kanmu ne. Ni da za a ba ni Alƙur'ani a ranar da na dafa cewa ina waiwaye. Kuskurena shi ne na ɗauka wanda ya daɗe yana abu ya san yadda yake yin sa. Saboda haka ki ci gaba da yadda kika yi mana. Ki saurari mutum da ladabi har ya gama, kada ki ƙaryata shi a gaban mutane, sannan ki je ki kalli ƙafarsa. Ke ma wata rana za ki daɗe a aiki, ki riƙa faɗin yadda kike yi. In ƙaramin ma'aikaci ya ce ba haka yake gani ba, kada ki ce kajin ne naki kawai.

A wannan zaman ne na kare mana mutunci na ce mu da kunne muke tuƙi. Gaskiya ce kuwa. Ina jin ƙugi in san kamiyo ne ko taksi, da lodi ko wayam, ya kusa ko da saura. Kika ji daɗin maganar, kika je kika yi wa ɗigonki kunnuwa. Ban san na miƙa miki igiyar da za ki ɗaure ni da ita ba.

Kika koma kan hotunan kina bin jar hula ita kaɗai. Kika ga in ƙara ta taso ta dama ina kaucewa, in ta taso ta hagu ko gezau. Shataletale kuwa, duk abin da zai buge mai shiga ta hagu yake zuwa. Ba ki ce mini komai ba sai da kika gwada ni. Ina zaune a tsakar gida kika tsaya ta haguna kika ce wani abu, ban sani ba. Kika zagayo ta dama kika ce, “Baba, sau uku ina cewa ga shayi.” Na ce hankalina ne ya tafi wani wuri. Kika kalli innarki, ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin na lura ta daɗe ba ta zauna ta haguna ba.

Kika ɗauko ordinatar kika yi jan ɗigo mai kunne ɗaya, kika sake shi cikin shataletale. Ya wuce. Kika sake, ya wuce. Kina ta maimaita safiya ɗaya kamar mai tankaɗe, ina kallo ina murmushi, sai wani dogon ɗigo ya zo ta hagu, jan ya ɓace daga allon. Kika ci gaba. Can ya sake ɓacewa.

Abin da na faɗa miki a ranar kin ji shi, maƙwabta ma sun ji. Na ce ke ce mai rayawa da kashewa? Na ce na'urarki ta kashe ni sau nawa yau, ga ni zaune ina shan shayi? Kika ce, “Baba, wannan ne abin da ban gane ba. Bisa lissafina ya kamata a ce wani abu ya riga ya faru. Rashin ganewar ne ke ba ni tsoro.” Ni kuwa na ɗauka kin ba da kai ne, na ƙara hawa. Na ce a kan keken nan na riƙa kai ki lakwal, ashe don ki dawo ki sauke ni ne. Mushe ya ajiye alƙalami ya ce wannan maganar ba sai an rubuta ba. Na ce a rubuta. Na faɗe ta da ƙarfi, ba zan janye ta a ɓoye ba. Maganar banza ce, na janye ta. Ki riƙe wannan: in ranki ya ɓaci, kada ki ɗauko alherin da kika taɓa yi wa mutum ki doke shi da shi. Ni na yi, kuma bakina bai daina ɗaci ba.

Jiya Alhamis na ce bari in je in samo hujjar da zan rufe miki baki. Na bar keke a zaure na taka da ƙafa, na zauna a bencin Garba mai shayi, daidai ƙasan benen da kika hau. Uwani, tun da aka yi shataletalen nan ban taɓa kallon sa daga gefe ba. Kullum ina ciki. Ashe haka yake da ban tsoro.

Ban gama zama ba wani ɗan kabu-kabu ya faka ya cire gilashinsa, ya ce, “A'a, Baba Mai Tulu! Yau ina dokin? Ko an kai shi hutu?”

Na ce, “Kai kuma ɗan wa ne da ka san ni?”

Ya ce, “Laminu ne, ɗan Sani mahauci na Zango.”

Na ce, “Jikan Ɗan-Tani ke nan. Kakanka ya fi ka ladabi, kuma ya fi ka ƙiba.”

Ya yi dariya ya ce, “Baba, wa bai san ka ba a nan? Ai kai ne fitilar da gwamnati ba ta kafa ba. Da mun hango jar hula ta taso daga wajen masallaci, na gaba ya ɗaga hannu, na baya kowa ya taka birki.”

Na ce, “Don me?”

Ya kalli Garba, Garba ya kama goge kofin da ya riga ya goge. Wasu ƴan kabu-kabun suka matso. Wani dogo a cikinsu ya ce, “Gaya masa mana, ai shi ya tambaya.”

Laminu ya sosa ƙeya ya ce, “Baba, in sabon yaro ya fara aiki a nan, cikin abin da ake gaya masa ran farko akwai kai. Ana cewa tsohon nan mai jar hula ba ya ji ta hagu. Kada ka ɓata lokaci kana masa oda, ka ba shi hanya kawai.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Ni dai na tarar ana yi. Lokacin ban yi aure ba, yanzu ɗana yana lakwal.”

Dogon ya ce, “Har masu taksi sun sani. Mu fasinja ke zagi, wai mun tsaya ba dalili. Mu ce masa sarki ne zai wuce.”

Sai Garba ya ajiye kofin ya ce, “Na gari ba su ne abin tsoro ba, Malam Habu. Baƙi ne. Kwanakin baya wani kamiyo ya shigo, lambarsa ba ta ƙasar nan ba ce, direban bai san kowa ba. Na hango ka, na hango shi. Ban san lokacin da na fita tsakiyar gudro da buta a hannu ina ɗaga masa ba. Allah ya sa birkinsa na da kyau. Kai kuwa ka wuce kana gyara zaman hula.” Ya naɗe hannun riga ya nuna mini. Tabon ƙunar ruwan zafin butar ne tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa, fatar ta yi fari.

Na kalli tabon, na kalli yaran. Sannan na ce, “Me ya hana ku gaya mini?”

Garba ya ce, “Wa zai gaya maka? Kai da ka san kakan kowa da abin da ya yi? Mutum ya buɗe baki ka tono masa har wanda ya saci akuya zamanin yunwa.”

Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma idona ya ciko, na ce hayaƙin gawayin Garba ne.

Uwani, ga amsar abin da ba ki gane ba. Ɗigon garinki baƙi ne ga junansu, babu wanda ya san wani, shi ya sa suke buge ni. Na'urarki ba ta yi ƙarya ba. Ta nuna abin da zai faru ranar da babu wanda ya san ni a wurin, ko ranar da Garba ya juya baya yana zuba madara. Kuma kowace Alhamis garin nan cike yake da baƙi. Shekara da shekaru ina shiga shataletalen nan ina fita, ina cewa gwaninta ce, ina yi wa yara gorin ba su iya tuƙi ba. Ashe yaran ne ke ɗauke da ni, kamar yadda ake ɗauko sabon tulu. Wannan ne kuskuren da ya fi duka girma, kuma da ba ki tsaya mini a gaba ba da na mutu ban san shi ba, in tafi da bashin godiyar mutane a wuyana.

Na tashi na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba su hannu. Wasu sun ji kunya suna janyewa. Laminu ya ce, “Baba, bari mana, za ka sa mu kuka ga fasinja na kallo.” Hannun Garba kuwa na riƙe shi na kasa saki.

To ki ji. Duk inda kika ga tafiyarki tana yin sauƙi a Yamai, ƙofa na buɗewa, aiki na tafiya, kada ki yi saurin cewa iyawarki ce. Kina da iyawa, na gani da idona. Amma ki tsaya gefe wata rana ki duba wa ke taka miki birki. Wataƙila mai gadi ne, wataƙila wata tsohuwar ma'aikaciya ce da ke gyara kuskurenki ba ta faɗa. Ki nemo su ki gode musu tun suna ji. In kuma za ki iya, ki sa irin su Laminu a garinki na gilashi, don akwai su a duniya, bai kamata a bar su a waje ba. Sai dai kada ki tsara hanya kina dogara da su. Ki tsara ta yadda tsoho mai kunne ɗaya zai wuce ko babu wanda ya san kakansa.

Ina godiya ga Allah da ya rufa mini asiri duk tsawon nan. Ina godiya ga innarki da ta koma zama ta dama ba ta taɓa ce mini don me ba. Ke kuma ban san yadda zan gode miki ba. Gari guda ya so ni da shiru, ke kaɗai kika so ni da baki, kika sha zagi a kai. Kada ki bar wannan halin a gida in za ki tafi. Amma ki riƙa dafa shayi tukuna, kamar yadda kika yi wa su Bukar.

Yanzu ga amsarki. Keke ba zan sayar ba, kada ma a tayar da zancen. Ba zan kuma bar shi ya yi tsatsa a zaure ba. Zan riƙa tura shi da hannu, in ɗora masa ɗan kayana, in dafa shi in gwiwa ta gaji. Amma yau da safe na kai shi wajen mai faci na sa ya cire sarƙar. Ita ce a cikin baƙar ledar da innarki za ta miƙa miki tare da takardar nan. Ki tafi da ita Yamai. Kada ki sa ta cikin kayan sawarki, duk baƙin mai ce.

Mushe ya ɗago ya ce ai sarƙa ba ta ƙare a kasuwa ba, Babarbare zai iya sayen wata jibi. Ga amsarsa, tunda shi ke rubutawa zai gani: na tsaya a gaban masu faci da masu sayar da kayan keke na layin nan, da Alhaji Bukar a matsayin shaida, na ce duk wanda ya sayar mini da sarƙa ban yafe ba. Kin san taurin kaina. Da shi na ƙi sauka, da shi kuma zan ƙi hawa.

Saboda haka ki mayar da kayanki ki ɗaure. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban ga abin yafewa ba, ke ce za ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka, ya sa aikinki ya zama sanadin tsirar bayinsa da ba za ki taɓa sanin sunansu ba. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya ba direbanku natsuwa, ya sauke ku lafiya. Ya riƙa dawo mana da ke muna masu rai, in kuma ya ƙaddara wani abu, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Gobe zan raka ki tasha da ƙafa. Ba zan iya maimaita ko kalma ɗaya daga cikin waɗannan a gaban mutane ba, kada ki sa rai, wataƙila ma in yi miki faɗa a kan yawan kaya. Amma in za ki yi mini sallama, ki zagayo ta dama. Ina so in ji.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu Mai Tulu